Kwalba Biyu, Lamba Ɗaya

Akwai wani mutum da ke kula da kwamfutoci a wani ɗakin gwajin jini da fitsari. Injiniya ake ce masa. Ba wanda ya ba shi sunan, shi ya raɗa wa kansa, kuma in ka kira shi da wani suna sai ya yi kamar kurma. Mijin ƙanwar Likita ne, wato mai wurin, shi ya sa yake taka kowa yadda ya ga dama.

Jama'a, ga labarin yadda aka ba ni shi. Ku karanta ku ga irin abin da ɗan Adam ke iya yi.

A wurin, duk kwalbar da aka karɓa ana jera ta a tire, kowane tire kwalba goma. Da can tire na da lamba, kwalba ma na da lamba, sai a yi ta rikicewa: biyu-bakwai ne ko bakwai-biyu? Likita ya ce a mayar da lambar tire harafi. Na ɗaya ya zama A, na biyu B, haka har Z. Kwalba ta bakwai a tire na biyu ta zama B7. Duk ranar Litinin a sake farawa daga A.

Injiniya ya zauna ya rubuta ƴan layukan umarni a yaren kwamfuta. Abin ba wuya. A cikin kwamfuta kowane harafi na da lambarsa, A tana kan sittin da biyar, B sittin da shida. Sai ya ce a ƙara sittin da huɗu a kan lambar tire, a fito da harafin da ya dace, inji ya buga a ƴar takardar da ake mannawa a kwalba.

Layi uku ne kacal. Amma sati guda ya yi yana yawo da kwamfuta a hammata yana nuna wa mutane, kai ka ce jirgi ya ƙera.

Akwai wata mata a wurin, uwar ƴaƴa uku, ita ke shigar da sakamakon gwaji. Anti Shiru ake kiranta saboda ba ta da yawan magana. Ta ɗan koyi yaren kwamfutar nan da kanta a waya, a lokacin hutun cin abinci. Ta gwada sa ashirin da bakwai a layukan Injiniya, sai wata alama mai kama da ƙugiya ta fito maimakon harafi.

Ta same shi a ofis. "Injiniya, haruffan ashirin da shida ne. In tire ya wuce Z fa?"

Bai ɗago ba. "Yaushe muka taɓa kai tire ashirin a sati?"

"Ba mu taɓa ba. Amma da an sa bayan Z ya zama AA, sai AB. Ƴan layuka ne, na ma rubuta a takarda."

Ya karɓi takardar da yatsu biyu, ya goge zoben shayin da kofinsa ya bari a tebur da ita, ya jefa a kwando.

"Ke da aka ɗauka ki danna maɓalli, ke za ki koya min aikina? Je ki."

Da ta fita, sai ya ƙara layi ɗaya: in an wuce Z, a koma A. Ƙugiyar ta daina fitowa. Shi a ganinsa ya gyara.

Bayan wata huɗu, wani kamfanin sufuri ya turo masu neman aikin tuƙi sama da ɗari a yi musu gwajin lafiya, ga kuma mutanen da ke zuwa kullum. Kafin Alhamis tire ya kai talatin da ɗaya.

Mai manna takardun wani dattijo ne da ya shekara goma sha tara a wurin. Baba Gam ake ce masa don yatsunsa kullum a danƙare suke da gam. Abin da inji ya buga, shi yake mannawa.

Ranar Asabar wani direba daga cikin masu neman aikin ya shigo, takarda a hannu. Sakamakon da aka ba shi ya ce yana da ciwon hanta, kamfanin ya hana shi aiki. Ya je wani wuri an sake gwadawa, an ce lafiyarsa ƙalau.

"Kwana biyu matata na kuka!" Ya buga takardar a kan teburin karɓar baƙi. "Ta raba min kofi, ta raba min cokali. Ƴaƴana na tsoron taɓa ni. Wa ya yi min wannan?"

Likita ya fito, ma'aikata suka taru. Kafin kowa ya buɗe baki Injiniya ya nuna Baba Gam, ya dubi Likita.

"Yaya, na sha faɗa maka tsohon nan ba ya gani. Kwamfuta ba ta kuskure. Shi ya musanya takardu."

Baba Gam ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga. "Ɗana, ni abin da injin ya ba ni..."

"Wane ne ɗanka? Kana gyangyaɗi a kan aiki, yanzu za ka kashe mutane ka ce inji? Kalli hannunka ma, abin ƙyama."

A gaban masu jiran layi ya faɗi haka. Likita, da kunya ta rufe shi a gaban direban, ya ce Baba Gam ya tafi gida sai an neme shi. Dattijon ya ɗauki ledar takalmansa ya fita.

Anti Shiru ta kasa cin abinci ranar. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne: in an ba direba sakamakon mai ciwo, to mai ciwon fa? Yana can da takardar da ta ce lafiyarsa ƙalau.

Ranar Litinin ta zo da wuri, kafin a buɗe wa mutane. Ta tarar da ƙofar ɗakin firji a buɗe, wani wari na fitowa.

Injiniya ne a tsugune, hannu ba safa. Yana zaro kwalaben tire biyar na ƙarshe, yana kankare takardunsu da farce, yana zubawa a kwandon shara. Wata ta fashe, fitsarin kwanaki ya jiƙa masa hannun riga, ya yarfe ya ci gaba. A kan kujera kwamfutarsa na buɗe, ya goge layin nan na komawa A.

Wato ya sani. Ya san laifinsa ne, ya kwana biyu da sanin, ya bar dattijo da baƙin jini.

Ya ɗago ya gan ta. Ya yi wani murmushi mai ban ƙyama. "Anti, tsaftace wuri nake. Ki riƙe sunanki, kin ji? Kina da yara."

Ta sa safa biyu, ta cusa hannu cikin kwandon, ta laluba cikin ƙazantar har ta samu kwalbar da bai gama kankarewa ba. B7. Ta buɗe firji, ta ɗauko wata daga tire na biyu. Ita ma B7.

Ta ajiye su a teburin Likita, gefe da gefe.

"Likita, ka duba. Duk biyun inji ne ya buga, ba rubutun Baba ba ne. Ɗaya ta direba ce, ɗaya ta wani ne da ban sani ba tukuna. Tire biyar ne suka maimaitu. Mutum ɗari ke nan da ba mu da tabbacin sakamakonsu."

Injiniya ya shigo a bayanta yana ɗoyi. "Yaya, kar ka saurare ta. Mu rufe maganar nan a cikin gida, ba wanda zai sani. Sunan wurin nan..."

Likita ya toshe hanci da hankici. "Fita ka wanke hannunka. Ka bar makullan a kan tebur."

"Haba Yaya, ko don ƙanwarka..."

"Ita ma ni zan faɗa mata da bakina."

A ranar Anti Shiru ta rubuta gyaran, ta gwada shi da ashirin da bakwai, da hamsin da uku, da ɗari bakwai, a gaban Likita. Daga nan suka zauna suka kira mutum ɗarin ɗaya bayan ɗaya, suka faɗa musu gaskiya, suka ce su dawo a sake. Wasu sun zage su tas. Wata mata ta tofa yawu a bakin ƙofa, ba wanda ya ga laifinta.

Mai ɗaya B7 ɗin wata malamar makaranta ce mai juna biyu. Ta zo tana dariya, tana cewa ai an riga an ce mata lafiya lau. Da aka sake gwajin aka zaunar da ita aka faɗa mata ita ce mai ciwon hantar, Anti Shiru ta riƙe mata hannu har ta gama kuka. Likitan da aka tura ta wurinsa ya ce an gano da wuri, za a kula da ita, kuma za a yi wa jaririn rigakafi da an haife shi.

Likita ya rubuta wa kamfanin sufurin da hannunsa, direban ya samu aikinsa. Sannan ya je gidan Baba Gam da kansa, ya durƙusa ya ba shi haƙuri.

Injiniya kuwa bai je ba. Matarsa ya aika, ta zo kanta a ƙasa, ta ce wai ya ce a yafe masa, sharrin shaiɗan ne.

Baba Gam ya miƙa mata kujera. "Ƴata, ke ba ki yi min komai ba, tashi ki zauna. Ki ce masa na yafe. Amma ranar da ya zage ni, ban ga shaiɗan a wurin ba. Shi na gani."

Darasi: Kuskure na kowa ne, ko gwani na yi. Abin ƙyamar shi ne a nuna maka ka raina mai nunawa, sannan in ta ɓaci ka shafa wa wanda ba shi da mai tsaya masa. In ka ga kuskurenka, ka faɗa da bakinka tun kafin ya taɓa ran wani. Ku tura wa abokan aikinku, musamman waɗanda rayuwar mutane ke bi ta hannunsu.