Ƙarar Mutanen Rafin Gora

An ce wani sarki a wani tsibiri can bayan teku ya gaji ƙasashe da dama daga kakanninsa, bai kuwa taɓa taka ko ɗaya ba. Da mutanen wata ƙasa suka matsa a sakar musu mulkinsu, sai ya ce ba a sakin mulki rana ɗaya. Ya sa hannu a takarda, ya miƙa wa gwamnansa na can ikon shari'a da na filaye, wai ya riƙa koya musu har su iya. Fadawa suka yabi karamcinsa, shi ma ya yarda da su.

Bayan shekara biyu sai ga wani tsohon malami, Malam Gwadabe, ya iso fada bayan wata uku cikin jirgin ruwa. Mutanen garinsu, Rafin Gora, su suka turo shi, domin gwamna ya ƙwace fadamar da suke ci da ita ya shuka auduga.

Sarki ya yi murna da ganin talakansa na nesa, ya ce, "Malam, yaya kuka ga 'yancin da na fara ba ku?"

Malam Gwadabe ya ce, "Ya sarki, mun ji labarinsa. Yana gidan gwamna, an ce yana nan lafiya."

"To, me ya kawo ka?"

"Da, in gwamna ya zalunce mu, kai muke rubuto wa. Bana mun rubuto sau uku kan fadamarmu, sau uku amsa tana zuwa da sa hannun gwamna."

Sarki ya husata, ya umarci waziri ya rubuta a mayar da fadama yau. Waziri ya durƙusa ya ce, "Ya sarki, filaye na cikin abin da ka miƙa. Abin da ya rage maka shi ne ka tura ƙarar ga gwamna ya bincika."

"Wa zai bincika?"

"Kansa."

"In ya sami kansa da laifi fa?"

"Bai taɓa samu ba, ranka ya daɗe."

Malam Gwadabe ya ce, "Ashe mu biyu ne masu ƙara. Ni dai na riga ka zuwa."

Sarki ya sunkuyar da kai ya ce, "Wa ya kamata in ba wannan iko?"

"Wanda in ya ƙwace mana fadama za mu iya tuɓe shi ba sai mun hau jirgi ba."

Sarki ya soke takardar, ya kira gwamna gida, ya ce mutanen ƙasar su zaɓi majalisarsu. Fadama ta koma hannun masu ita, ko da yake sai da aka gama tsinkar auduga.

Har ya rasu, in an yabi karamcinsa sai ya ce, "Mai neman adalci, kada ya ba kowa iko kan mutanen da ba sa iya karɓe shi daga hannunsa."