Jatau da Kogin da ke Cika da Bazara

Dalilin da ya sa Kogin Tsala yake tumbatsa da tsakiyar bazara, lokacin da kowane kogi mai hankali ya ƙafe, haɗamar mutum ɗaya ce. Ku matso. Kai mai hamma, rufe bakin nan! Na taka ƙasashen da ko kakanka bai ji sunansu ba.

Can wata ƙasa akwai dutsen da ko mikiya ba ta kai kansa. A ƙwanƙolinsa wata tsohuwa take zaune, Ƙanƙara, fara fat, da ruwan shekara dubu daskare a bayanta. Ita ce uwar kogin. A da, ɗan nata kamar kowa yake, ya cika da damina, ya janye da rani. In ya janye sai ya bar wa mutanen gindin dutse lakarsa su noma albasa. Sharaɗi ɗaya ne, a bar masa 'yar hanya a tsakiya, faɗin taku guda, ya kai wa mutanen gangare ruwan sha.

Sai ga Jatau manomi, irin mutanen nan da ba sa iya ganin ƙasa ba shuka su ƙyale ta. Ya dubi hanyar ya ce, "Fangali arba'in kwance a banza!" Ya kwaso duwatsu da laka ya datse ta.

Matarsa Tasalla ta ce, "Maigida, mutanen gangare me za su sha?"

"Su sha haƙuri."

"To, kogin fa?"

"Wane kogi? Wannan da kaza ke tsallakewa ba ta jiƙa ƙafa ba?"

Kogin da kansa ya yi sallama ya ce, "Malam Jatau, a ba ni hanya in wuce."

Jatau ya ce, "Je ka dawo da damina. Yanzu fagen na maza ne."

Wawan ya zuba irinsa kaf a wurin, har wanda Tasalla ta ɓoye a tulu saboda baɗi.

Kogi ya ba iska saƙo ta kai wa uwarsa. Tsohuwa ta shiga cizon haƙora, tana taunar dutse don haushi har ya zama gari. Ta bari albasa ta yi kai, saura kwana uku a cire, sannan ta ce wa Rana, "Ƙawata, ƙara wuta." Rana ta ƙara. Ruwan da ke daskare a bayan tsohuwa ya fara narkewa.

Bayan azahar aka ji rugugi daga dutse. Tasalla ta ce, "Maigida, ruwa!"

Jatau ya ɗaga kai, sama tas, ba ko ɗigon gajimare. Ya ce, "Ruwa da bazara? Ke dai a bar ki da tsoro."

Bai rufe baki ba ruwa ya iso, fari kamar tsalar nono saboda garin dutsen, ga sanyi mai tsinka jijiya. Ya fasa datsiyar, ya yi awon gaba da albasa duka, ya zube ta a ƙofar mutanen gangare. Suka sha ruwa, suka tsinci albasa. Jatau kuwa yana maƙale a kan bishiya, haƙora na kaɗawa duk da zafin rana.

Tasalla ta tsaya kan tudu ta ce, "Maigida, sauko mana! Ai kaza ma tana tsallakewa."

Tsohuwa kuwa ba ta huce ba. Shi ya sa har yau Kogin Tsala yake fari, yake da sanyi, kuma zafin rana ke cika shi, ba hadari ba. Da hantsi ka tsallaka da ƙafa, da la'asar ya tafi da raƙumi. Ba a ƙara noma a cikinsa ba. Jikokin Jatau in suna son albasar miya, sai su gangara kasuwar gangare su saya, kuma irin kakansu ake sayar musu.