Tsaka da Allon Malam Nomau

Don Allah duk wanda ya gane ni kar ya faɗi sunana. Labari ne kawai, a ɓoye nake rubuta shi a takarda.

Malam Nomau mai shagon gyaran hotuna yana da kwamfuta mai aiki da manhajar Linuks. Ran nan ya sa mata sabon direban hoto, wato abin da ke nuna wa kwamfuta yadda za ta zana hoto a allo. Ba don tsohon ya lalace ba fa, don dai abokai su ce ya waye. Tun daga nan allo ya kama ƙyaftawa, can sai ya yi baƙi ƙirin. Sai ya ce 'yarsa Ladiyo ce ta taɓa, kar ta ƙara taka shagon. Ita kuwa nan ne kaɗai take koyon wani abu.

Wata tsaka da ke shan ɗumi a bayan kwamfutar ta leƙo ta ce, "Malam, kai da Gambo na Malumfashi ba ku da maraba."

Ya ce, "Wane ne kuma Gambo?"

Ta ce, "Mai haɗa faifan biki ne. Allonsa ya daskare bayan ya sa sabon direba. Duk umarnin da ya tsinta a intanet sai ya liƙa, guda tara a zama ɗaya, ko ɗaya bai karanta ba. Uwarsa, Iya Tabawa, ta ce masa, 'Kai sakarai, zauna ka ji labarin Kande mai tuwo.

"'Kande ta canza daddawa, miya ta yi ɗaci. Ta ƙara gishiri, ta ƙara kanwa, ta zuba barkono, har sukari. Daga baya ta zagi mai kawo mata ruwa tas. Daddawar kuwa ko lasa ba ta yi ba. Shekara ashirin tana tuwo, amma ba ta san a tambayi abin da ya shiga tukunya a ƙarshe ba!'

"Gambo bai ji ba. Ya goge kwamfutar kaf, faifan bikin mutane ya bi ruwa. Kai ma bakwai ka liƙa jiya, ina ƙirgawa. Kwamfuta na rubuta ciwonta a wani fayil, ka taɓa buɗewa? Ladiyo tana buɗewa. Ta gani, tsoronka ya hana ta magana."

Malam Nomau ya buɗe yana ƙunƙuni. Ga sunan sabon direban nan a jere, da ranar da ya sa shi, ranar ma Ladiyo tana gidan gwaggonta. Ya warware umarninsa ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da tsohon direba. Allo ya tsaya cak, tar da shi.

Can ya ce, "Tsaka, kin yi gaskiya. Ni ne Kande." Ya leƙa ƙofar gida ya ce, "Ladiyo! Zo ki zauna. Kujerar taki ce."

Haƙuri dai bai ba ta ba har yau, amma ita... kai, ga takun takalminsa, bari in ɓoye takar—