Ƙyallen da Ya Toshe Numfashin Babur

'Yan uwa, labarin nan ya kwana biyu yana cin raina, na ce bari in kawo muku shi.

Akwai wata uwa da autanta ke kai wa mutane saƙo da babur. Babur ɗin ya fara shan mai, sai Auta ya kai shi garejin kawunsa, ƙanen uwar. Kawu ya canja masa kafireto, wato abin da ke haɗa fetur da iska, ya cire tsohon akwatin da ke tace iska. Wani siririn tiyo da a da yake shiga akwatin ya rage yana reto a ƙarƙashin inji.

Kullum da safe uwar sai ta tarar da ɗigon baƙin mai a kan simintin da take sharewa. Ta durƙusa ta leƙa, ta ga daga bakin tiyon yake. A saninta, abin da ke yoyo toshe shi ake yi. Ta yagi gefen tsohon zaninta ta cusa, ta ɗaure da zaren kitso. Tsakar gida ya yi fes, ba ta gaya wa kowa ba.

Ba a jima ba Auta ya dawo wando jiƙe da mai, gwiwa a kurje. Inji ya fara tsatsafo da mai ta ko'ina, har ya kai tayar baya, ta zame da shi a kwana.

"Umma, ƙanenki ya kashe min inji! Gobe a gaban kowa zan faɗa masa."

Nan take ta tuna da ƙyallen da ta cusa. Da safe ta riga shi zuwa garejin.

"Yaya, yau ke ce a cikin baƙin mai? Ko babur za ki saya?" in ji Kawu.

"Tambaya ce da ni. Tiyon nan da ke reto, ina amfaninsa?"

"Hancin inji ke nan. Idan yana aiki iska na taruwa a cikinsa, ta nan take fita."

"To in aka toshe fa?"

"Ki ɗora tukunya a wuta ki ɗaure murfin tamau. Tururin zai nemi hanya, ko ta ina ne."

"Ikon Allah! Ƙarfe ma numfashi yake?"

Tana cikin jinjina abin sai ga Auta ya turo babur, ko gaisuwa babu. Ya fara faɗa, masu jiran gyara suka juyo.

Kawu ya nufi babur ɗin. Ya tsuguna ya bi tiyon da hannu, ya warware zaren, ya zaro ƙyalle. Ya san zanin nan, ya sha ganin sa a jikin yayarsa. Ya ɗago ya dube ta, ya sa ƙyallen a aljihu.

"Datti ne ya toshe shi. Laifina ne da na bar shi yana reto, ka yi haƙuri."

Ya canja robobin tare mai na inji da suka fashe. Ya ja tiyon sama zuwa ƙarƙashin kujera, nesa da taya da sarƙa, ya sa masa 'yar matata a baki don kada ƙura ta shiga. Uwar na tsaye tana kallo.

Babur ya warke. Amma tun ranar Auta ya daina zuwa gaida kawunsa, har yana ce wa abokansa su nemi wani makanike. Da uwar ta je ba ƙanenta haƙuri, Kawu cewa ya yi, "Bar shi, Yaya. Gara ya yi fushi da ni da ya ɗaga miki murya."

Darasi: Abin da ba ki san aikinsa ba, ki tambaya kafin ki sa masa hannu, kuma kada mu yanke wa mutum hukunci ba mu bincika ba. Ku tura wa wasu su amfana. Sannan ku ba uwar nan shawara, don Allah: ta zaunar da Auta ta faɗa masa gaskiya, ko ta bar sirrin da ƙanenta ya rufa mata?