Ƙarin Garantin Firizar Lagring

Akwai wata mata a nan garinmu Dumangas, sunanta Milagros, amma Lagring kowa yake ce mata. Shekara goma sha shida tana sana'ar kifin bangus. Takan sayo daga masu tafki, ta tsaga, ta zare ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya da hantsaki, ta jiƙa a ruwan tsami da tafarnuwa, sannan ta sayar. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Da wannan kifin ta kai 'yarta Marivic makarantar koyon aikin jinya.

Damuwarta ɗaya ce: ba ta da wurin ajiya. Kullum sai ta sayi ƙanƙara, kifin da ya rage da yamma kuma sai ta karyar da shi.

Wata rana mai wani gidan abinci a birnin Iloilo ya ɗanɗana kifinta, ya ce in za ta iya kawo masa da yawa duk mako, to shi ya gama neman mai kifi. Lagring ta kwashe ɗan abin da ta jima tana tarawa, ta ce firiza za ta saya.

Tana jiran mota a bakin titi sai ga maƙwabcinta Manong Tibo, tsohon mai gyaran wuta, yana tura kekensa.

"Lagring, in kin saya ki haɗo da sitabilaiza," in ji shi. "Kin san wutar garin nan. Ta tafi ba sallama, ta dawo kamar an koro ta."

Ta ce to, Manong, ba za ta manta ba. Manong muke ce wa namijin da ya girme mu.

Shagon da ta nufa a birni, ɗan ƙanwarta Renante ne ke aiki a ciki. Ita ta goya shi lokacin da uwarsa ke aikatau a Manila. Yanzu ya zama magidanci, farar riga a goge, kati rataye a wuya, ga hotonsa a bango don wata uku a jere babu wanda ya kai shi ciniki.

"Tiyay!" ya kira ta yadda muke kiran 'yar'uwar uwa. "Yau ke ce da kanki? Ku ba ta kujera, wannan uwata ce."

Ya zaɓar mata firiza mai kyau, babu ha'inci a nan. Da aka gama, peso dubu uku suka rage mata. Ta ce ya nuna mata sitabilaiza.

"Wa ya ce ki sayi wannan?"

"Manong Tibo."

Renante ya kwashe da dariya har abokan aikinsa suka waiwayo. "Manong Tibo da har yau da harshe yake gwada batir? Tiyay, zamaninsa ya wuce tun talabijin ba ta da kala. Garantin kamfani shekara ɗaya ne kawai. Ki sa kuɗin nan a ƙarin garanti, ya zama shekara uku. Komai ya same ta, waya kawai za ki buga."

"Komai, Toto?" Haka take kiransa tun yana goye.

"Komai. Ni zan cuce ki?"

Ya miƙo takarda shafi biyu, Turanci ne ƙanana kamar ƙwan kifi. Ba ta zo da tabarau ba. Ta sa hannu inda ya nuna. Shi kansa bai taɓa karanta ta ba.

Shekara guda abubuwa suka yi kyau. Ta ɗauki mata biyu suna taya ta zare ƙaya. Duk Talata da Juma'a tana kan hanyar Iloilo da kaya.

A wata na goma sha huɗu, ana saura kwana biyar bikin gari, firizar na cike maƙil da odar mutane, aka ɗauke wuta da hantsi. Da azahar ta dawo da ƙarfi. Ƙwan fitila biyu suka fashe a gidan. Firizar ta yi wata ƙara sau ɗaya ta yi shiru, warin ƙonannen roba ya cika ɗakin.

Manong Tibo ya shigo da jakar kayan aikinsa tun ba a kira shi ba. Ya durƙusa ya shinshina bayanta.

"Inji ne ya ƙone. Akwai wani na hannu a wurin abokina. In na kwance yanzu, gobe war haka tana sanyi."

Lagring ta kira Renante a waya tukuna.

"Kada ki bari ya taɓa!" ya ce da ƙarfi, har Manong Tibo yana ji. "Ko noti ɗaya ya kwance, garanti ya tashi. Kin ga amfanin maganata? Na kamfani ya ƙare wata biyu da suka wuce. Ba don ni ba da yau kuka kike. Ki kwantar da hankalinki, kyauta za su gyara."

Manong Tibo ya mai da sukundirebansa cikin jaka, ya ce Allah ya sa su zo da wuri, ya fita.

Ba su zo ba.

Ta sayi ƙanƙarar da ta samu, amma saboda biki kowa ƙanƙara yake nema. Ta shanya wasu kifayen, ta raba wa maƙwabta wasu. A rana ta uku, ita da matan nan biyu suka haƙa rami a bayan gida suka zuba sauran, kowacce ta ɗaure hancinta da tsumma. Masu oda suka yi ta zuwa ƙofar gida, tana fitowa tana ba da haƙuri.

Sai a rana ta tara wani ma'aikacin masu garantin ya zo. Ya ɗauki hoto, ya duba fasassun ƙwayayen fitila, ya tambaye ta yadda aka yi. Ta gaya masa gaskiya tsaf. Ya rubuta, ya ce za a neme ta.

Duk safiya sai ta buga lambar da ke kan takardar. A sa mata kiɗa ta yi ta saurare har katinta ya ƙare. In an ɗauka a ce ana kan dubawa. Mai gidan abinci ya jira ta mako biyu, sannan ya aiko cewa ya samu wata, kada ta ji haushi, shi ma baƙi yake ciyarwa. Ta sallami matan da ke taya ta.

Sau biyu Manong Tibo yana leƙowa. "Lagring, bari in buɗe abin nan mana."

"Na riga na yi haƙuri har nan, Manong. In na bari ka taɓa yanzu, duk jiran ya zama banza."

A mako na bakwai wasiƙa ta iso. Marivic ta zo hutu, ita ta karanta mata. Sun ce lalacewar da hawa da saukar wuta ta jawo ba ta cikin yarjejeniya. Haka ambaliya, haka ɓarnar ɓera. Abincin da ya lalace a ciki ma ba ruwansu. Yana nan a shafi na biyu, sama kaɗan da inda ta sa hannu.

"Sake karantawa," in ji Lagring.

Marivic ta sake. Uwar ta gyaɗa kai, ta tashi ta shiga kicin.

Renante ya ruga wurin manajansu da wasiƙar. Manajan ko zama bai ce ya yi ba. "Ranar da ka fara aiki aka ba ka takardar nan. In ka ce wa mutane komai, bakinka ne ya faɗa, ba mu ba."

Firizar tana gyaruwa har a lokacin, amma babu jarin cika ta, babu mai jiran kifin. Lagring ta sayar wa wani mai lemo a wulaƙance. Marivic ba ta koma makaranta ba. Ta tafi Manila, tana tsaron kanti.

Shi kuwa Renante, bakinsa ya mutu. In mai saye ya tambaye shi me garantin ya ƙunsa, sai ya buɗe shafi na biyu ya karanta masa. Yawancinsu su ce a bar shi. Wata huɗu cinikinsa yana ƙasa, da kwantiraginsa ya ƙare ba a sabunta ba.

Lagring ta koma aikin yini a rumfar wata mai kifi a bakin kasuwa. Can ya same ta wata Asabar, tana tsakiyar mata, hantsaki a hannu. Ya zo ya tsaya a gabanta.

"Tiyay, ki yafe mini. Wallahi ban karanta ba."

Ba ta ɗago ba. Ta zare ƙaya ta jefa a kwano.

"Na sani, Toto. Abu ɗaya nake so ka gaya mini. Akwai abin da suke ba ku in kun sayar da takardar?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ina jin ka."

"Kamasho ne. Ɗari uku."

Hannunta ya tsaya. Matan da ke gefe ma suka tsaya.

"Ɗari uku," ta ce a hankali. "Ni na ɗauka na fi haka tsada."

Ta jawo wani kifin ta tsaga. Ya tsaya har rana ta kai masa ka, ita tana ta zare ƙaya. Har yau tana rumfar nan, shi kuma yana gidan surukansa yana neman aiki.

Darasi: Kafin ka biya ƙarin garanti, kada ka tambayi abin da ya ƙunsa, ka tambayi abin da bai ƙunsa ba, ka kuma gani da idonka a rubuce, ko da ɗan cikinka ne mai sayarwa. Sau da yawa abin da ya fi lalata kaya a unguwarku shi ne aka cire. Kai kuma mai sayarwa, kada girman kai ya sa ka rantse a kan takardar da ba ka karanta ba. Ku tura wa duk wanda kuka san yana shirin kai guminsa shago.