Murjanin da Aka Lulluɓe da Zane

An yi wani magidanci a wani gari mai nisa da teku. Wata rana ƙanensa da ke aiki a bakin teku ya kawo masa tsaraba, akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, da murjani mai rai a ciki. Ba irin wanda mata ke sawa a wuya ba ne. Wannan halitta ce ta ƙarƙashin ruwa, mai rassa kamar ƙaramin itace, ja da kore da shuɗi. A bisa akwatin kuma akwai fitila.

Ƙanen ya ce, "Yaya, ka kunna masa fitilar nan kowace safiya, ka kashe da yamma. Da haske yake rayuwa."

Mutumin ya ajiye akwatin a falo. Maƙwabta suka yi ta zuwa kallo suna yabo, har yabon ya fara ba shi tsoro. Shi kuwa mutum ne mai tattalin kaya. Rediyonsa kullum a rufe yake da ƙyalle, kujerunsa ma ledar kanti tana jikinsu shekara biyar. Sai ya ce a ransa, bakin mutane zai kama abin nan, fitilar kuma za ta sa ya koɗe yadda rana ke koɗar da atamfa. Ya sa aka kai akwatin ƙuryar ɗaki, ya cire fitilar, ya lulluɓe shi da zane mai kauri.

Matarsa ta ce, "Baban Keziya, ba haka ƙanenka ya ce ba fa."

Ya ce, "Yaushe aka haife shi da zai koya mini ajiyar kaya?"

Bayan makonni, aka aiko cewa ƙanen yana tafe. Mutumin ya yaye zanen ya duba. Jan nan da koren nan duk sun tafi, murjanin ya koma ruwan ƙasa, reshen da ya fi girma kuwa ya yi fari fat. Kunya da tsoro suka kama shi. Ya shiga jan akwatin zuwa tsakar gida da tsakar rana, wai rana ta gyara ɓarnar kafin baƙo ya iso. Yana cikin haka ƙanen ya yi sallama.

Ya ce, "Yaya, tsaya! Ya daɗe a duhu. In ka watsa masa rana gaba ɗaya, ƙarasa shi za ka yi."

Suka mayar da shi falo. Ƙanen ya mayar da fitilar, ya kunna ta ya rage ƙarfinta, ya ce a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan. A hankali ƙananan rassan suka dawo da launinsu. Babban reshen bai dawo ba, ya riga ya mutu. Mutumin ya yi baƙin ciki ƙwarai, ya ce, "Da hannuna na kashe shi, ina cewa adana shi nake yi."

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Murjanin nan bangaskiyarmu ce, hasken kuwa Maganar Allah ce da zumuntar masu bi. Atamfa ba ta da rai, shi ya sa take son ƙasan akwatin tufafi. Bangaskiya tana da rai. Wanda ya ɓoye tata don tsoron bakin mutane, ya daina addu'a, ya daina zuwa sujada, yana tsammani tana nan yadda ya bar ta, ran da ya neme ta zai sha mamaki. Ina faɗin wannan da nauyin zuciya, domin ni ma na taɓa yi.

Wanda ya daɗe a duhu kuma, ba a watsa masa rana. Akwai ɗan'uwanmu da muka yi wata uku ba mu ga fuskarsa a nan ba, kun san shi. Ran da ya shigo, kada kowa ya tare shi da wa'azi a bakin ƙofa. Ku matsa masa wuri a benci.