Milutin Ya Kashe Rediyo

Akwai wani matuƙin jirgin feshin gona a nan yankinmu na Banat, sunansa Milutin. Matarsa ta rasu, ɗansa yana Jamus, sai waya ran biki. Abin da ya rage masa jirginsa ne, da Gavrilo, mutumin da ya tsaya masa ranar aure, shi ma matuƙi ne. Mu nan kum muke ce wa irin wannan, kuma ba a gaba da kum.

Milutin kuwa ya yi.

Ranar bikin waliyyin gidansu, Gavrilo ya sha rakiya, barasarmu ta nan, ya ce a gaban baƙi, "Kum, saukarka ta jiya kamar an yar da buhun dankali. Ka sayi tabarau mana!"

Kowa ya yi dariya banda Milutin. Tun ranar, in muryar Gavrilo ta fito a rediyon jirgi, sai ya murɗe shi. Shi kaɗai yake cin burodinsa a ƙarƙashin fiffike.

Al'adarmu a filin jirgi, wanda ya riga sauka shi ke gaya wa na baya yadda iska take. Wata la'asar hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Gavrilo ya sauka da ƙyar, ya fizgi rediyo.

"Kum! Kum, ka ji ni..."

Milutin ya murɗe.

Abin da Gavrilo ke son faɗa masa shi ne, iskar ƙarƙashin irin wannan gajimare mayaudariya ce. Da farko ta bugo ka ta gaba, jirgi ya yi sama. Sai ka rage wutar inji don ka daidaita. Daga nan ta danno ka daga bisa, ba ka da ƙarfin tashi.

Haka aka yi. Jirgin ya ɗaga, Milutin ya rage wuta, iska ta maka shi cikin gonar masara.

Gavrilo ne ya jawo shi daga jirgin cikin ruwan sama, yana kuka yana zagi.

"Tsohon jaki! Na yi ta ihu har muryata ta dishe!"

"Na ji ka fara," in ji Milutin. "Na ɗauka tsiya za ka yi mini."

"Tsiyar tana nan. Bari ka warke tukuna."

Bai warke ba. Ƙafafun sun tafi. Gavrilo ma bai sake hawa jirgi ba, 'yarsa ta ɗauke shi zuwa birni kafin sanyi ya shigo.

Jiya na wuce gidan Milutin. Yana zaune a keken guragu a bakin taga, miya ta huce a gabansa. Na gaishe shi, ya ɗaga hannu. Ba kowa a gidan.

Darasi: Kada fushi ya sa ka toshe kunne ga mai ƙaunarka. Bakin da ya tsokane ka jiya, shi zai yi maka ihu ran haɗari. Ku tura wa wanda kuka san yana gaba da nasa.